Malam ya karanta littafi, ya ce mu sayar da gida mu koma Faransa

Salamu alaikum Malama. Ni mace ce mai shekara 57. A Garwa ta ƙasar Kamaru aka haife ni, a nan na yi aure, a nan na aurar da 'ya'ya uku. Maigidana malamin makaranta ne, shekara 34 yana koyar da Faransanci, amma bai taɓa taka Faransa ba. Shekara biyu ke nan da ya yi ritaya, kuma tun da ya ajiye alli ya zama wani iri: ba ya fita sai masallaci, rediyo a kunne, magana ɗaya biyu. Da babban yaronmu da ke aiki a birnin Liyon na Faransa ya zo hutu, sai ya kawo masa wani littafin ban dariya, labarin waɗansu tsofaffin Turawa da suka yi ritaya suka tattara suka koma wata ƙasa mai rana da bakin teku, suna ta kwamacala da harshen mutane da abincinsu, daga baya zama ya yi musu daɗi. Malama, na manta rabon da in ji dariyar mutumin nan haka. Sau uku ya karanta, yana fassara mini muna dariya tare. To yanzu ya ce mu sayar da gida mu koma wajen yaron, wai in tsofaffin Turawa sun iya, shi me zai hana shi. Har ya kawo dillali ya zagaya gidan. Gidan nan kuwa da kuɗin adashina da sarƙata ta gwal aka yi rufinsa. Mahaifiyata tana wurina, ta haura 80, autarmu tana jami'a a Ngaundare. Fanshonsa sefa 210,000 ne a wata, yana kuma da hawan jini. Yaron ɗaki biyu gare su a hawa na huɗu, shi da matarsa da yara biyu, su biyun duk suna aiki. Da uban ya yi masa zancen sai ya ce, “To Baba, Allah ya zaɓa mafi alheri.” Ni kuwa na san muryar ɗana. In na ce a'a, ina tsoron ya koma cikin shirun nan, ko ya ce na raina shi. In na ce to, na bar uwata da garina. Yaya zan yi?

Hajiya, daga Garwa

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya sa ku rabu da ita tana sa muku albarka.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma duk biyun a wuri ɗaya na tsaya: inda kika ce kin manta rabon da ki ji dariyarsa. Maganar dillali tana da nauyi, za mu zo kanta, amma ina roƙonki mu fara daga dariyar nan, domin in kika gane abin da ya kawo ta, rabin maganar gida ta ƙare.

Ki tuna waye Malam. Shekara 34 yana tashi da asuba ya san akwai aji cike da yara suna jiransa. In ya shiga su miƙe, in ya buɗe baki su yi shiru. A kasuwa wani magidanci mai gemu zai durƙusa ya gaishe shi, ya ce shi ya koya masa karatu. Yana cikin waɗanda aka rage wa albashi sau biyu a 1993, sannan a watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, ya daure bai bar alli ba. Sai wata safiya ƙararrawa ta kaɗa ba da shi ba. Ke aikinki bai yi ritaya ba: tukunya tana jiranki, Inna tana kiranki, ga biki, ga suna, ga ranar zubin adashi. Shi kuwa abokan hirarsa abokan aikinsa ne, da aikin ya tafi sai majalisar ta watse. Maza da yawa na shiga wannan rami, kuma ba su da sunan da za su kira shi, sai a ga mutum ya rungumi rediyo. Ki ƙara da wannan: shekara 34 yana zana taswirar Faransa a allo, yana koya wa yara sunan Paris da Liyon da kogunansu, shi kansa bai taɓa gani ba. Sai ga littafi ya zo yana ce masa mai furfura ma yana iya ɗaukar jaka ya fara sabon abu, ya yi kuskure, a yi dariya, gobe ya sake fita. Ni ban ga wauta a nan ba. Na ga mutumin da aka tuna masa cewa da sauransa. Don haka, don Allah, ko da wasa kada ki ce masa littafi ya juya masa kai, kada kuma ki bari 'ya'ya su mayar da abin labarin dariya a waya. Ran da ya ji an yi masa haka, ko dai ya koma shiru, ko ya kafe sai ya sayar don ya nuna shi ne maigida.

Yanzu littafin. Irinsa suna da yawa a ƙasashen Turai, kuma daɗinsu ɗaya ne da daɗin labaranmu na baƙauye ya shiga birni: baƙo ya ce a ba shi gishiri a kawo masa sabulu, ya gai da wanda bai kamata ba, ya ɓata a hanya wata tsohuwa ta mayar da shi gida. Dariya ce mai tsabta, ni ma ina sonta. Sai dai marubuci yana da ikon da ni da ke ba mu da shi. Yana iya wuce lokacin sanyi da layi ɗaya, ya gama maganar takardu a rabin shafi, in wani ya kwanta ciwo ya tashe shi a babi na gaba. Akwai kuma abin da littafin ba zai tsaya ya bayyana ba, domin masu karanta shi a can sun riga sun sani. Tsofaffin Faransa da ke komawa Fotugal ko Sifen ba sa neman biza, duk Tarayyar Turai ce. Masu zuwa Maroko da fasfo kaɗai suke shiga na wata uku. Sannan fanshonsu na yuro suke ɗauka zuwa inda haya da abinci suka fi sauƙi. Su gangara suka yi da ruwa. Ku kuwa, in kuka ɗauki sefa zuwa Liyon, kamar mai kwalekwale ne ya juya kai yana hawan Binuwai a tsakiyar damina.

Bari mu yi lissafi, tunda Malam mutumin allo ne, lissafi zai fi shiga kunnensa da kuka. Tun 1999 sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957. Fanshonsa na 210,000 ya kama yuro 320 ke nan. A Garwa kuɗin nan yana riƙe gida, tunda ba kwa biyan haya kuma buhun masara da na dawa suna kusa. A Liyon ba zai biya hayar ɗan ƙaramin ɗaki ba, balle wutar ɗumama shi. Mai neman bizar dogon zama a matsayin baƙo, wanda ba zai yi aiki ba, ana so ya nuna yana da abin shiga da ya kai mafi ƙarancin albashin ƙasar, wanda ya ɗan haura yuro 1,400 a wata, wato sama da sefa 918,000. Ya ninka fanshon Malam fiye da sau huɗu. Kuɗin gidan fa? A ce an saye shi miliyan 30. Yuro 45,700 ne da 'yan kai. In ana cire 1,400 kowane wata, ba za su kai shekara uku ba, kuma ku biyu ne. Bayan nan babu gida a Garwa, babu kuɗi a Liyon, sai aljihun yaro. Fitar da kuɗin ma ba kamar da ba ne, domin tun 2019 dokar canji ta BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya masu amfani da sefa, ta tsananta, duk kuɗi mai kauri da zai bar yankinmu sai da takardun da ke nuna dalili. Fanshon kansa a nan gida ake zuba shi, kuma lokaci lokaci ana neman mai shi ya nuna yana raye, abin da ke zama wahala ga wanda ke nesa. Akwai wata ƙofa ta iyayen da ke ƙarƙashin kulawar ɗansu, in ɗan ya samu takardar zama ɗan ƙasa, amma ita ma sai an tabbatar da cewa da shi suka dogara, kuma ba a ba da ita don mutum ya sayar da gida. Wannan shi ne abin da nake so ya zauna a ranki: sayar da gida ba ya sa a ba mutum biza. Hasali ma, ga bizar ziyara, gida da fansho da iyali a Kamaru su ne shaidar cewa za ku dawo, su ne ke taimakon takardunku. Wanda ya fara da sayarwa ya saki reshe ya kama ganye.

Kin ce kin san muryar ɗanki, na kuma yarda. “Allah ya zaɓa mafi alheri” amsar yaro mai tarbiyya ce da aka sa shi a tsaka mai wuya. Ba zai iya ce wa mahaifinsa kada ka zo ba, kuma ya san abin da ɗaki biyu a hawa na huɗu yake nufi. Ki tuna da surukarki ma, domin a wasiƙarki rabin layi kawai ta samu, alhali kanta nauyin zai fi sauka. A gidanki na Garwa akwai zaure, akwai tsakar gida, akwai shiyyar maza da ta mata. Suruki da matar ɗa suna iya wuni ba su haɗa ido ba, kunya ta samu wurin zama. A can bayi ɗaya ne, falo ɗaya, ƙofa tana kallon ƙofa. Yarinyar za ta dawo aiki da yamma a gajiye, ta ɗebo yara, ta tarar da surukai biyu da take jin nauyinsu, ba ta da inda za ta cire mayafi ta miƙe ƙafa. Wata biyu ana yin haka da murna, har a yi kewar juna bayan rabuwa. In ya zama babu ranar tafiya, aure mai lafiya ma yana iya fara tsami, ba don wani ya yi laifi ba. Ki kira yaron ke da shi, lokacin da uban ba ya kusa. Kada ki ce ya goyi bayanki. Ki ce ya gaya miki gaskiya nawa yake biyan haya, nawa ke saura a ƙarshen wata, ƙarfe nawa suke fita, ƙarfe nawa suke dawowa. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya: ya gayyaci mahaifinsa da bakinsa, gayyata ta girmamawa mai ranar zuwa da ranar komawa. “Baba, ka koyar da ƙasar nan shekara 34, ina so ka zo ka gan ta da idonka.” Maganar nan in ta fito daga ɗa, kyauta ce. In ta fito daga gare ki a tsakiyar gardama, Malam zai ji kamar an rage masa hanya ne.

Shawarata ke nan a taƙaice: ku je, amma ku bar gida a inda yake. Bizar ziyara tana ba da kwana 90 cikin kowane kwana 180. Yaron zai karɓo takardar masauki daga ofishin magajin garin unguwarsu, inda za a duba girman gidansa da abin da yake samu. Kuɗin bizar yuro 90 ne ga kowane mutum, sannan dole a yi inshorar tafiya da za ta iya biyan kuɗin asibiti har yuro 30,000. Ku bi hanyar da ofishin jakadanci ya tsara da kanku, kada ku miƙa fasfo ga wani mai cewa ya san wani a ciki. Inshorar nan ta ciwon gaggawa ce, ba ta ɗaukar maganin hawan jinin da yake sha kullum, don haka ya ga likitansa kafin tafiya, ya tafi da maganin da zai ishe shi da takardar likita a haɗe. Kuma ko kwana ɗaya kada ku ƙara a kan wa'adi, domin wanda ya wuce wa'adi yakan rufe wa kansa ƙofar gaba.

Ga wani abu da zai yi kama da mugunta amma ƙauna ce. Zuciya za ta ce ku tafi a watan Afrilu ku guje wa zafin Garwa, lokacin da ma'auni ke haura 40 ana kwana a tsakar gida. In kuka yi haka za ku tarar da Liyon cikin furanni da iska mai daɗi, rana ba ta faɗuwa sai bayan takwas, Malam ya dawo yana neman dillali da gudu. In likita ya yarda, ku tafi tsakiyar Oktoba ku dawo ƙarshen Disamba. Zai ga kyan ƙasar, ya hau jirgin ƙasan da ke cin tafiyar Paris zuwa Liyon cikin awa biyu, ya tsaya inda koguna biyu na garin suka haɗu, ya yi Juma'a a babban masallacin Liyon da aka buɗe a 1994, ya shiga unguwar da ake sayar da kayan miya na Afirka ya ji ƙamshin gida. Sannan zai ga ɗaya fuskar: gari ba ya wayewa sai bayan takwas, biyar na yamma duhu ya yi, babu kiran salla a kan titi, maƙwabci ya ce sannu ya rufe ƙofa, yara sun tafi makaranta, iyayensu sun tafi aiki, shi da ke da talabijin a hawa na huɗu. Mutumin da shirun Garwa ya dame shi, inda ko almajiri zai yi sallama a ƙofa, ya kamata ya ɗanɗani shirun can kafin ya yanke hukunci. Gani ya kori ji. Kuma in faɗa miki gaskiya, yana yiwuwa ya so wurin duk da sanyin. In haka ta faru, ba ki yi asara ba: sai ya zama kuna zuwa wata biyu duk shekara ko duk bayan shekara biyu, gwargwadon ƙarfin aljihu, kuna dawowa gidanku. Tsofaffi da yawa masu 'ya'ya a waje haka suke yi.

Inna fa? Haƙƙinta a kanki ba abin ciniki ba ne, kuma Malam ya fi ni sanin hadisin da aka ambaci uwa sau uku kafin uba. Tsohuwar da ta haura 80 ba a tumɓuke ta, ba kuma a barin ta ba tare da ranar dawowa ba. Amma wata biyu abu ne da za a iya tsarawa. Kina da 'ya'ya uku a ɗakunansu, wataƙila da 'yan'uwa a gari. Ki zauna da su tun yanzu a raba kwanaki, wa zai kwana, wa zai kai ta asibiti, wa zai riƙe kuɗin cefane. In kika ga jikinta ba zai ɗauki rashinki haka ba, ki raka Malam ki yi wata ɗaya ki dawo, shi ya ƙarasa. Auta kuwa tana bukatar gidan da za ta dawo hutu, da ɗakin da za a zo neman aurenta. Wannan ma ki faɗa masa, domin uba yakan ji maganar 'yar auta fiye da maganar kuɗi.

Akwai tambayar da littafin ban dariya ba ya yi, mu kuwa da muka haura hamsin dole mu yi ta: in ta Allah ta kasance a can fa? A Faransa doka ba ta yarda a binne mutum ba akwati ba, wuraren da aka keɓe wa Musulmi a maƙabartu ba su da yawa, kabari kuma sau da yawa hayarsa ake yi na wasu shekaru. Dawo da gawa gida kuɗi ne mai yawa, shi ya sa 'yan Afirka da ke can suke yin inshora ko asusun haɗin gwiwa domin wannan rana. Ku mutanen Garwa ba sai an ba ku labarin kabari a nesa ba. Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko, ɗan garinku ne, ya rasu a Dakar a 1989, can yake kwance, kuma har yau maganar ba ta bar bakin mutane ba. Ba a fara hira da wannan, amma wata rana bayan sallar isha, in zuciya ta yi sanyi, ki tambaye shi a hankali inda yake so a yi masa salla, da waɗanda yake so su tsaya a sahun gaba.

To yaya za ki buɗe maganar? Kada ki fara da a'a. Ki dama masa kunun gyaɗa, ki ce ya sake karanta miki babin da ya fi so, ki tambaye shi me ya fi burge shi a mutanen nan. Ki saurara da gaske, domin amsar za ta nuna miki abin da yake nema: teku ne, abokai ne, ko dai a sake ganinsa a matsayin mutum mai labari. Daga nan ki ce, “Malam, ni ma ina so in ga inda jikokina suke kwana. Mu je tare. Abu ɗaya nake roƙo, a dakatar da maganar dillali, kada a karɓi kafin alƙalami daga kowa sai mun je mun dawo.” Ba ki ƙi shi ba, ba ki kuma ba da gida ba. Ki kawo takarda da biro ki ce shi ya yi lissafin yuro da sefa da hannunsa. In ya ce mace ba ta tsara wa miji, ki tuna masa cikin ladabi cewa a Hudaibiyya, ran da al'amari ya yi tsanani, shawarar Ummu Salama Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗauka. Ku yi istihara ku biyu.

Maganar sarƙarki da adashinki gaskiya ce, kuma a Musulunci dukiyar mace tata ce. Sai dai ki ajiye ta a ƙasan akwati tukuna. In kika fito da ita a ranar farko, hira ta tashi daga “ina za mu zauna” ta koma “gidan wa ne”, kuma wannan rami yana da wuyar fita. Amma ki san matsayinki a shiru. Ki duba sunan da ke kan takardar mallakar gidan, ki duba takardar aurenku ta gwamnati in kuna da ita, domin a kanta ake rubuta ko dukiya a haɗe take ko a rabe. Dokar filaye ta 1974 ta ce cinikin gida mai takarda sai a gaban notaya, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardun ciniki, don haka zagayen dillali bai sayar da komai ba. In kika ga abin yana neman wuce gona da iri, ki nemi wanda Malam yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin unguwa ko wani tsohon abokin aikinsa, mutum ɗaya mai riƙe sirri, ba taron dangi ba. A gabansa ne za ki ambaci rufin gidan, sau ɗaya, ba da faɗa ba. In kuma kuɗin jirgi ne ya sa yake kallon gidan, ana iya ba da hayar shago ko ɗakin zaure, ko yaron ya ɗauki tikiti ɗaya ku ɗauki ɗaya.

Biza tana iya ɗaukar lokaci, ana kuma iya hana ta, don haka kada duk buri ya rataya a kanta. Tsofaffin littafin nan teku suka je nema, ku kuwa kuna da teku ba tare da fasfo ba. Ku hau mota zuwa Ngaundare, ku kwana biyu wajen auta, ku ci kilishi ku sha iskar tudu, ku shiga jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, daga nan ku gangara Kiribi, inda ruwan Lobe ke zubowa kai tsaye cikin teku. A can ma baƙi ne ku, abinci daban, harshe daban, za ku yi kwamacalarku ku yi dariyarku. Ngaundare kanta, da take sama da mita 1,000 a kan tudu, wuri ne da mai hawan jini zai iya kama ɗaki ya wuce watannin zafi. Njamena ma tana nan, ku bi ta Marwa da Kuseri ku haye gada, babu biza, sefar aljihunku ita ce tasu. In hali ya samu, ga Umra.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da za ku dawo, ko daga Liyon ko daga Kiribi, a ajiye jaka, rediyo ya koma kunne. Shiru na shekara biyu ba ƙaramin abu ba ne. In ya je awon jini, ki bi shi, ki gaya wa likita yadda barcinsa da cin abincinsa da walwalarsa suka canja, domin ciwon damuwa yana kama dattawa kuma yana da magani. Sannan a nema masa aji. Unguwarku cike take da yara masu shirin jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare da ta bakaloriya ta kammala babba waɗanda Faransanci ke kayar da su, da mata 'yan kasuwa da ke son su iya karanta takardar asibiti da kansu. Zaure da allo da benci biyu sun isa. Kada ke ki kawo shawarar. Ki sa wata maƙwabciya ta zo da ɗanta ta roƙe shi, domin malami ba ya iya ce wa ɗalibi a'a.

Sai abu na ƙarshe, wanda tun farkon wasiƙarki yake raina. Mutumin da ya karanta littafi sau uku, ya juya shi zuwa Hausa da baki har matarsa ta yi dariya, yana da abin da ake bukata ya rubuta nasa. Labarin tsofaffin Turawa a ƙasar rana an rubuta shi an sake rubutawa. Labarin wani malami ɗan Garwa da Hajiyarsa a hawa na huɗu, da ƙullin kuka da daddawa da yakuwa a jaka, yana gyara wa Faransawa nahawun harshensu, ita tana neman inda za ta shanya kuɓewa a garin da babu rana, wannan Malam ne zai iya ba da shi. Ki saya masa littafin rubutu mai kauri kafin ku tashi, ki ce duk abin da ya faru a hanya ya rubuta, da dare ya karanta miki. In rubutun ya yi masa nauyi, auta ta nuna masa yadda ake naɗar murya a WhatsApp ya riƙa tura wa tsofaffin abokan aikinsa babi babi.

Gobe da safe ki ciro fasfo ɗinku ki duba ranar ƙarewarsu, domin ana so su wuce ranar dawowarku da aƙalla wata uku. In babu, ko sun mutu, ki ajiye maganar a gaban Malam tare da shayinsa, ki ce shi ya san hanyar ofis, ya shige gaba. Ki gaishe mini da Inna.